Za ka ci waken da aka haska da nukiliya?

A shekarar 2003 ma'aikatar noma ta Amurka ta ba makarantun gwamnati izinin sayen niƙaƙƙen naman shanu da aka bi da shi ta cikin wani haske mai ƙarfi irin na nukiliya, a riƙa dafa wa ɗalibai a abincin rana. An ce hasken zai kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin naman tun kafin ya iso kicin. Iyaye da dama suka ce ba da 'ya'yansu ba. Kafin shekarar ta fita, hukumar makarantun birnin Los Anjalis, wadda ita ce ta biyu a girma a ƙasar, ta hana shigar da irin wannan abinci makarantunta. Shekara goma kacal kafin wannan rigima, wato a 1993, yara huɗu sun rasu a ƙasar, mutum sama da 700 kuma sun kwanta rashin lafiya, sanadiyyar naman hamboga da bai dahu sosai ba, mai ɗauke da wata ƙwayar cuta da ake kira E. coli O157:H7. Ita ce ainihin ƙwayar da hasken nan yake kashewa. Tsoro biyu ke nan aka ajiye a gaban iyayen, na ƙwayar cuta da na haske, kuma da yawansu na hasken ya fi firgita su.

Ina shekara ta biyu a jami'a, ina karanta kimiyyar abinci, kuma tun ranar da muka yi wannan darasi nake juya maganar a raina. Na kawo muku ita ne ƙannena saboda ba ta tsaya a Amurka ba. A Sheda, kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, gwamnatin tarayya tana da injin haska kaya wanda aka ƙaddamar a 2006. Ghana tana da nata a Kwabenya, gefen birnin Akara. Ƙasashe sama da 60 sun amince a haska aƙalla nau'in abinci ɗaya. Ko ba jima ko ba daɗe wani zai ɗora hoton buhun wake a Facebook ya rubuta cewa an sa masa nukiliya, kada kowa ya ci. A gidaje da yawa ku 'yan sakandare za a juyo a tambaya, tunda ku ne masu zuwa ɗakin gwaje-gwaje.

Ga yadda aikin yake. Turawa suna da dogon suna da suke kiransa, amma a nan zan ce masa haska abinci. Akan gina ɗaki da bangon kankare mai kaurin kusan mita biyu. A tsakiyarsa akwai rijiya mai zurfi cike da ruwa, a ƙasan ruwan kuma an jera wasu siraran sanduna na ƙarfen da ake kira kobal-60. Ƙarfen nan ba dare ba rana yana fitar da hasken gamma, wanda ido ba ya gani, ɗan uwan hasken eksire da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sai dai ya fi shi ratsa abu. Ruwan shi ne garkuwa: muddin sandunan suna ƙasa, mutum zai iya shiga ɗakin. Idan za a yi aiki sai kowa ya fita, a kulle ƙofa, a ɗago sandunan sama, sannan kwalayen abinci su shigo a kan bel, su kewaya su fita. Abincin yana cikin ledarsa, bai taɓa ƙarfen ba. Akwai kuma injinan da ba su da kobal sam, da wutar lantarki suke harba ilektaron ko hasken eksire, da an kashe wuta shi ke nan.

Abin da hasken yake yi shi ne ya karya zaren DNA, wato rubutun gadon da kowace ƙwayar halitta ke dubawa kafin ta hayayyafa. Bakteriyar da aka yaga wa wannan rubutu ba za ta ƙara rabuwa ba. Ƙwan ƙwaron da ke kwance cikin ƙwayar wake ba zai ƙyanƙyashe ba. Idon dankali da na doya da tsakiyar albasa ba za su tsiro ba. Ana auna yawan hasken da abu ya sha da ma'aunin gire, wanda aka raɗa wa sunan wani masanin kimiyya ɗan Ingila. Hana albasa ko dankali tsiro ba ya buƙatar fiye da gire 150. Kashe ƙwarin hatsi ba ya kai 1,000. Nama da kaji sukan sha dubu kaɗan, kayan yaji kuma har 10,000 ko fiye. Kuma duk wannan ba dafuwa ba ce. 'Yan ajin kimiyya su gwada lissafin: gire ɗaya daidai yake da jul ɗaya a kowane kilogiram, don haka gire 10,000 ba zai ɗaga zafin ruwa da fiye da digiri biyu da rabi ba. Daskararren nama yakan shiga ya fito yana daskare.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce: abincin ba zai koma shi ma yana fitar da tiririn nukiliya ba? Amsar a'a ce, kuma a kan wannan masana ba su da saɓani. Wanda aka ɗauki hoton ƙafarsa a asibiti ba ya dawowa gida yana haska 'yan uwansa. Sirinji da safar hannun likita da yawa da wannan haske ake tsabtace su a masana'anta bayan an rufe kwali, mun sha allura da su ba mu sani ba. Kafin abu ya koma mai fitar da tiriri sai an girgiza cibiyar ƙwayar zarrarsa, kuma ƙarfin hasken kobal-60 bai kai ya yi haka ba. Injinan lantarkin ma an ƙayyade musu iyakar ƙarfin da ba za su wuce ba saboda wannan dalili.

To daga ina tsoron ya samo asali? Ai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duniya ta fara sanin kalmar nukiliya ne da bam ɗin Hiroshima da Nagasaki a 1945. Sai hatsarin tashar Canobil a 1986, da na Fukushima a Japan a 2011, inda aka zubar da madara aka hana sayar da ganyaye. Amma abin da ya faru a can daban ne. Ƙurar sinadarin nukiliyar ce da kanta ta tashi, ta sauka a kan ciyawa, shanu suka ci, ta shiga nono. Wannan gurɓatawa ce, kamar a zuba garwashi cikin tuwo. Haskawa kuwa kamar a ajiye kwano ne a rana: ya sha rana, amma babu ranar da ta maƙale a cikinsa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana sayar da wake da gero a kasuwar garinmu, kuma shi ya yi mini tambayar da ta fi duk wadda na ji a aji. Na gama kwararo masa bayani da hutu, ya dube ni ya ce, “To ɗan boko, abin da ya hana albasa tsiro, in na ci ba zai hana ni haihuwa ba?” Na ce, “Kawu, in kun dafa gyaɗa kuka shuka, za ta fito?” Ya ce ina fa. Na ce, “To kun taɓa jin wanda dafaffiyar gyaɗa ta hana haihuwa?” Ya yi dariya ya ce ba a rasa ni da baki. Albasar ce ta shiga ɗakin ta sha hasken, mai cin ta bai shiga ba. Amma ban ɗauki tambayarsa abin dariya ba. Irin wannan zargi ne ya sa aka dakatar da allurar shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, kuma bai taso haka kawai ba, domin mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a 1996 ba. Wanda aka taɓa yi wa rufa-rufa yana da hujjar ya tambaya sau biyu.

Shi ya sa nake ganin bai dace a ce duk mai adawa da haska abinci jahili ne ba. A cikinsu akwai likitoci da masu bincike, kuma suna da hujjojin da suka cancanci a tsaya a duba.

Wadda suka fi ambata daga Indiya ta fito. A 1975 masu bincike a cibiyar nazarin abinci mai gina jiki da ke Haidarabad suka ɗauki yara 15 masu fama da tamowa, suka raba su gida uku, biyar-biyar. Wasu aka ba su alkamar da ba a haska ba, wasu wadda aka haska aka ajiye makonni, wasu kuma wadda aka haska ba da jimawa ba. Sai suka ce a jinin rukuni na ƙarshe sun ga ƙwayoyin da kayan gadonsu suka ninku fiye da ƙa'ida. Labarin ya zagaya duniya, har yau ana kafa hujja da shi. Gwamnatin Indiya ta kafa kwamiti ya sake duba alƙaluman, ya ce ba su isa su tabbatar da abin da aka faɗa ba. Daga baya a ƙasar Sin aka ciyar da manya sama da 400 da suka amince da kansu abincin da aka haska na tsawon makonni, ba a ga wannan alama ba. Yara biyar sun yi kaɗan a yanke wa duniya hukunci da su, wannan ko ɗan aji uku zai gane. Ni abin da ya tsaya mini a rai a labarin shi ne yadda aka ga ya dace a yi gwaji da yaran da yunwa ta riga ta kayar.

Hujja ta biyu ta sinadarai ce. Gaskiya ne hasken yana farfasa wasu ƙwayoyin abincin, sababbin sinadarai su samu. Yawancinsu irin waɗanda dafuwa da suya ke haifarwa ne. Amma akwai wani rukuni da ake taƙaita sunansa da 2-ACB, wanda ke fitowa idan an haska abu mai kitse, har da shi ake gane naman da aka haska a ɗakin gwaji. A 2002 masu bincike a Faransa da Jamus suka ba ɓeraye tsantsarsa mai yawa, tare da wani sinadari da aka san yana jawo ciwon daji, suka ga ƙari ya fi yawa a hanjin waɗanda suka sha. Masu goyon baya suka ce adadin da aka ɗura wa ɓerayen ya ninka abin da mutum zai samu a faranti nesa ba kusa ba. A 2011 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sake bin bayanan, ta ce ba ta ga abin tayar da hankali ba ga mai cin irin wannan abinci. Ni dai duk lokacin da na karanta wannan sai in tuna tsire da balangu. Hayaƙin gawayi da kitsen da ke ɗiga a wuta suna bar wa nama sinadaran da aka tabbatar suna da alaƙa da ciwon daji, amma ban taɓa ganin layi ya ragu a wajen mai tsire ba.

Sai labarin kyanwoyin Ostareliya, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro. Dokar ƙasar ta sa ana haska wani abincin dabbobi da ake shigowa da shi daga waje da gire 50,000 ko sama da haka, wato ninki biyar na iyakar da aka saba yi wa abincin mutane. A 2008 kyanwoyi da dama da aka daɗe ana ba su wannan abinci suka fara jan ƙafafun baya, wasu suka shanye, wasu suka mutu. Karnukan da suka ci ba su kamu ba. A 2009 gwamnatin ƙasar ta hana haska abincin kyanwa. Hukumar Turan da na ambata ta ce wannan batu na buƙatar ƙarin bincike, ko da yake ba a ga irinsa a jikin mutum ba. Abin da na ɗauka a nan shi ne awo ba wasa ba ne. Maganin ciwon kai ma in an shanye kwalba guda, asibiti za a kwana.

Batun bitamin ba shi da tsawo. Ana rasa wani abu, musamman B1 da C da E, kamar yadda ake rasawa a tafasa da shanya a rana. Madara kuwa ba a ma haska ta, domin ɗanɗanonta lalacewa yake yi.

A ɗaya ɓangaren akwai hukuncin manyan hukumomi. A 1980 kwamitin masana na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma da Hukumar Makamashin Nukiliya ya ce haska kowane abinci har zuwa gire 10,000 ba ya jawo guba. A 1983 aka sa shi cikin kundin ƙa'idojin abinci na duniya. 'Yan sama-jannatin Amurka tun tafiyar Apollo 17 a 1972 suke cin naman da aka haska, domin gudawa a cikin kumbo ba ƙaramar masifa ba ce. Duk da haka ƙasashe ba su zama baki ɗaya ba. Sin ta fi kowa haska abinci, daga tafarnuwa har ƙafar kaza. Tarayyar Turai a jerin da ya shafi dukan ƙasashenta busassun ganyen ƙamshi da kayan yaji kawai ta amince da su, sai wasu ƙasashen irin su Faransa da Beljiyam da suka ƙara nasu, ciki har da cinyar kwaɗo, wadda su a wurinsu abin marmari ce. Japan shekara da shekaru dankalin Turawa kaɗai ta yarda a haska. Bincike ɗaya duk suka karanta, amma kowa da irin abin da jama'arsa za su iya haɗiyewa.

Akwai hujjar 'yan adawa guda ɗaya da na yarda da ita ɗari bisa ɗari, kuma ba ta shafi guba ba. Sun ce idan kamfani ya san a ƙarshe zai haska nama, me zai sa ya wahalar da kansa wajen tsabtace mayanka? Kashin saniyar da aka haska dai kashi ne. Kuma akwai abubuwan da hasken ba ya iya musu. Ƙwayoyin bairas suna da taurin kai a gabansa. Ya fi muni ga dafin da ƙwayar cuta ta riga ta zuba a abinci. Misali gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna: hasken zai kashe fumfunar, amma dafin aflatoksin da ta bari, mai lalata hanta, yana nan daram. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu saboda masara mai wannan dafi, kuma da an bi da ita ta ɗakin kobal ba abin da zai canza. Haɗarin ma shi ne ruɓaɓɓen abu ya fito ba wari, a gwada a ga babu ƙwayar cuta, a ce lafiya lau. Ƙa'ida ta hana haska abin da ya riga ya lalace, amma ƙa'ida sai da mai tsaron ta.

Mutumin da ya kamata ya ji tsoron hasken da gaske shi ne ma'aikacin ɗakin. Gire biyar kacal a jiki gaba ɗaya yana iya kashe mutum, alhali albasa tana shan ɗari. A 1989 a San Salbado, a wata masana'antar tsabtace kayan asibiti da na'urorin tsaronta suka daɗe da lalacewa, ma'aikata uku suka shiga gyara sandunan suna sama. Ɗaya ya mutu bayan an yanke masa ƙafa. A 1990 a Isra'ila wani kwali ya maƙale a kan bel, ma'aikaci ya ƙetare matakan tsaro ya shiga cirewa, bai kai kwana arba'in ba ya rasu. A duka biyun ganganci ne da rashin gyara. Sannan ƙarfen ba ya mutuwa da wuri: kobal-60 sai ya yi shekara biyar da 'yan watanni kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. A Goyaniya ta ƙasar Barazil a 1987 masu tsintar ƙarafa suka ɓalle wani injin asibiti da aka yi watsi da shi, suka ga gari mai shuɗin haske a ciki suka yi ta nuna wa 'yan uwa, mutum huɗu suka mutu ciki har da yarinya 'yar shekara shida. Wannan ba injin abinci ba ne, amma duk wanda ya san yadda 'yan gwangwan ke bi lungu-lungu a garuruwanmu zai gane dalilin da ya sa na kawo shi. Nijeriya tana da hukumar NNRA mai sa ido kan irin waɗannan kayayyaki. Idan za a ƙara gina ɗakunan haskawa, ni tambayata ta farko a kan kuɗin gyara da horar da ma'aikata za ta kasance.

Yanzu mu dawo kan wakenmu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye mata. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san ranar garau-garau, ya kuma san 'yan baƙaƙen ƙwarin da ke tasowa saman ruwa. Mu a makarantarmu cewa muke yi nama ne aka ƙara mana. Ƙwaron nan tun daga gona yake biyo wake, in an zuba a buhu ya yi ta hayayyafa, cikin 'yan watanni buhu ya koma gari da ramuka. Ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa ba zai zauna yana kallo ba. Abin da wasu ke yi kowa ya sani: a yayyafa fiya-fiya, ko a barbaɗa hodar da aka yi don feshin gona, a ɗinke buhu. A 2008 ɗalibai sama da ɗari a wata makarantar 'yan mata a Jihar Gwambe aka kwasa zuwa asibiti bayan cin wake, kuma hukumar NAFDAC ta ce maganin ƙwari aka samu a ciki. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin dikolobos, wanda shi ne ke cikin fiya-fiya, kuma an yi ta tsawaita dakatarwar. Waken da Turawa suka ƙi, mu ne muka ci gaba da yin ƙosai da alale da shi.

A nan ne nake ganin muhawarar Amurka ba za ta zauna mana daidai ba in muka kwaso ta yadda take. Uwa a Los Anjalis tana zaɓe ne tsakanin naman da aka haska da wanda ke cikin firji ana duba shi. Uwa a garinmu tsakanin wake mai ƙwari da wake mai fiya-fiya take zaɓe, kuma na biyun ya fi kyan gani a faranti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci yana kashe mutum 420,000 duk shekara, 137,000 daga cikinsu a Afirka. In muka ƙi haske don tsoron abin da aka yi shekara sama da hamsin ana nema ba a gani ba, muka ci gaba da haɗiyar abin da ke kai ɗalibai asibiti a rana ɗaya, mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago. In aka ajiye mini kwano biyu, waken da aka haska zan ɗauka, ba tare da na yi dogon tunani ba.

Sai dai ba zan ce muku shi ne maganin matsalar manomi ba. Hasken ba ya barin komai a jikin wake, wanda shi ne alherinsa, kuma shi ne rauninsa: in ba a rufe buhun da kyau ba, washegari sabon ƙwaro zai shiga. Waken da aka haska sosai ba shi da amfani a matsayin iri. Sannan wa zai ɗauki buhu goma daga ƙauye a Jigawa ya kai Sheda ya dawo da su, a wannan tsadar mai? Akwai hanyar da ta fi sauƙi. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu a Marwa ta arewacin Kamaru sun fito da buhu mai ninki uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ake kira PICS. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowane ninki daban. Ƙwarin su shanye iskar da ta rage su mutu da kansu, ba magani ba lantarki. Hikimar jarka da duro ce da iyayenmu ke toshewa, aka inganta. Kawu da shi yake ajiya yanzu, ƙorafinsa ɗaya shi ne ɓera, domin da ya huda ledar aiki ya ɓaci.

Inda haskawa za ta yi rana shi ne wajen kayan da ake tarawa da yawa wuri ɗaya, ko ake fitarwa waje. Indiya ta yi shekara 18 Amurka ba ta karɓar mangwaronta saboda ƙwari, sai a 2007 aka buɗe ƙofa bisa sharaɗin a haska shi. Injin da ya fara wannan aiki yana Lasalgawon, garin da ke da babbar kasuwar albasa, kuma tun farko don hana albasa tsiro aka gina shi. Duk wanda ya ga yadda albasar Aliero ko ta Galmi ke faɗuwa warwas da kaka, ta tsiro ta ruɓe a rumbu, sannan ta yi tsadar da sai an yanka ɗaya gida biyu, zai ga abin kwaikwayo a nan. Haka cittar Kudancin Kaduna da barkonon da ake shanyawa a bakin kwalta, awaki na bi ta kai, a daka a barbaɗa a kan tsire ba tare da ya ga wuta ba.

Abin da ba zan sassauta a kai ba shi ne a gaya wa mai saye. Akwai tambarin da aka tanada, sunansa Radura, wanda aka fara amfani da shi a ƙasar Holan: kore ne, da hoton tsiro mai ganye biyu a cikin da'irar da rabinta na sama ya tsittsinke. A Amurka dole a sa shi a jikin kunshi tare da rubutun cewa an haska, ko da yake gidan abinci ba dole ya faɗa ba, haka ma in ɗan yaji ne kawai aka haska a cikin haɗin. A Turai ko yajin ne sai an rubuta. 'Yan adawa suna cewa tambarin ya yi kyau da yawa, wanda bai sani ba zai zaci alamar abincin gona ne da ba a sa wa komai ba, kuma da na dube shi na ga suna da gaskiya. Mu tamu matsalar ta wuce nan. Wakenmu a buɗaɗɗen buhu yake, da mudu da tiya ake auna shi, a juye a baƙar leda. Na tambayi Kawu inda za a manna tambarin in an kawo masa irin wannan wake. Ya ce sai dai a manna masa a hula.